Ƙwan Macijin Kusugu

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Wata shekara aka yi fari a ƙasar Daura, irin farin da tsofaffi ke gwada shi da na 1973 da na 1984. Tafkuna suka ƙafe tun hunturu bai fita ba, fadamu suka tsattsage kamar diddigen manomi. Daga Baure zuwa Zango, daga Sandamu zuwa Mai'adua, babu inda dabba za ta sa bakinta sai Kusugu, rijiyar da Daurawa ke cewa ba ta taɓa ƙafewa ba. Da rana rijiyar ta mutane ce. In aka sallame sallar isha'i, gari ya yi tsit, sai dabbobi su sulalo ɗaya bayan ɗaya.

Akwai layi, ko da yake babu wanda ya taɓa tsara shi da baki. Doki ke fara sha, domin shi ne na hawan Sallah da Gani, shi ke da jalala da linzamin azurfa. Bayansa sai Raƙumi, baƙon Azbin mai kawo gishirin Bilma. Sai Saniya da 'ya'yanta, sai tumaki da awaki, sai su Dila da Hankaka, malaman daji. Jaki shi ke jan guga. Tun farkon dare igiya na wuyansa, yana ja da baya yana dawowa, yana cika kwami kowa na sha, sai an watse yake lasar abin da ya rage a gindi. Ungulu kuwa ba ta ma shiga layi. Tana bisa tsamiya tana jira, in Jaki ya tafi ta sauko ta tsotsi laka.

Daren Juma'a kaɗai ne dabam. Wata tsohuwar al'ada ce, a wannan dare babu na gaba babu na baya, kowa ya zo ya tsoma baki, kafaɗar Doki na gogar ta Jaki. Dabbobin Daura suna alfahari da wannan dare ƙwarai. In baƙo ya zo daga Kazaure ko Magarya, shi ake fara ba shi labari.

Ana nan, wani daren Talata ɗan Jaki ya faɗi a bakin kwami, harshe waje, ido ya juye. Tun safe yana biye da ubansa suna dakon ƙasa, bai ɗanɗani ruwa ba. Jaki ya saki igiya, guga ya koma ƙasa da ƙara. Ya yayyafa wa ɗansa ruwa har ya farfaɗo, sannan ya ɗago kai ya yi maganar da kakanninsa ba su taɓa yi ba.

"Jama'a, ni nake jan ruwan nan. Don me ɗana zai mutu da ƙishirwa a bakinsa?"

Wuri ya yi shiru. Malam Dila ya gyara murya ya ce wannan magana ce babba, ba a yin ta a tsaye, a taru gobe a gindin tsamiya.

Washegari aka taru, Doki ya fara. Ya ce, "Wallahi na ji kunya da jin wannan magana. Mu a gidanmu ba mu san bambanci ba. Wadda ta goye ni ina duƙushi jaka ce, har ta mutu Inna nake ce mata. Babban aminina a duniya jaki ne. Ni in na dubi dabba ba na ganin kunne, dogo ne ko gajere. Mu duka ɗaya ne."

Raƙumi ya ce mu duka ɗaya ne. Saniya ta ce tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Hankaka ya kawo tarihin Bilal, yadda baƙin bawa ɗan asalin Habasha ya zama ladanin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, har wasu suka share ƙwalla. Da aka zo kan Jaki sai ya rasa abin cewa. Ya zo da magana cike da ciki, ya tarar an riga shi yarda da ita. Me za ka ce wa wanda ya ce ka yi gaskiya tun ba ka buɗe baki ba? Ya ce, "Na gode, ranku ya daɗe." Aka shafa fatiha. Taron bai kai tsawon dahuwar shayi ba.

Da dare ya yi, Doki ya fara sha, Raƙumi ya biyo, Jaki na jan guga.

Sau uku ana wannan taro, kuma kowanne ya fi na baya daɗin baki. A na uku da Jaki ya ce ai har yanzu layin bai canza ba, sai Saniya ta ce, "Haba Jaki, ba ga daren Juma'a ba? Wace ƙasa ce ke da irinsa?" Akuya ta ce shi dai ya cika ƙorafi. Gizo, wanda ba ya jan guga ba ya bin layi amma kullum cikinsa fal da ruwa, ya matso ya raɗa masa cewa garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yankanta.

Kakata, wadda na ji wannan tatsuniya a bakinta, takan dakata a nan ta tura itace cikin murhu, ta ce mana wanda ya zage ka ya bar maka ƙofar ramawa, amma wanda ya yi maka na'am da baki alhali ƙafarsa na kan wuyanka ya toshe ƙofar ya tafi da mabuɗi. Ban gane ba sai da na girma na zauna a zaurukan da ake neman aure.

To, a can ƙarƙashin saiwar tsamiya akwai Kunkuru, wanda babu mai sanin shekarunsa. Duk tarukan nan uku yana nan, bai ce uffan ba. Da aka tashi watsewa sai ya fito da kai.

"'Ya'yana, ku zauna. Kun yi ta magana a gindin itace, itace kuwa ba ya amsawa. Gobe ku je ku yi ta a bakin rijiya. Kowa ya leƙa ya faɗi abin da ya faɗa a nan."

Dila ya ce, "Baba Kunkuru, mene ne hikimar?"

"Kun san labarin rijiyar nan, ko dai rabinsa kuka sani?"

Hankaka ya karɓe da sauri, don yana son a san ya sani. Ya ce ai ko yaron goye ya san Bayajidda ya taso daga Bagadaza, ya biyo ta Borno, ya bar matarsa a Garun Gabas, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura cikin dare ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana. Ya nemi ruwa ta ce babu, akwai maciji a rijiya ana ce masa Sarki, ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Ya karɓi guga ya je ya sare kan macijin, sarauniya Daurama ta aure shi, aka haifi Bawo, daga nan Hausa Bakwai suka fito.

Kunkuru ya ce, "Ka yi karatu. Amma ka tsallake mace ɗaya. Kafin Daurama ta haihu, ta ba mijinta kuyanga, wadda labari bai ma adana sunanta ba, sai dai a ce Bagwariya. Ita ta fara haihuwar namiji, aka sa masa Karɓagari. Da Daurama ta haifi nata aka ce Bawo, wato a mayar da garin. Uba ɗaya, gida ɗaya, ruwan rijiya ɗaya aka yi musu wankan jego da shi. 'Ya'yan Bawo da ɗan matar da ya bari a Garun Gabas aka kira su Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano, Biram. Zuriyar ɗan kuyanga kuwa, su Zamfara da Kabi da Yawuri da Nupe da Gwari, wane suna aka ba su?"

Babu wanda ya amsa, sai ɗan Jaki da ƙaramar murya: "Banza Bakwai."

"Banza. Garuruwa masu ganuwa da sarakuna da malamai, Kabi ta Kanta da ta gagari Songhai, a dunƙule su a kalma ɗaya saboda cikin da aka ce ya ɗauki kakansu. Yara na haddace wannan a makaranta, babu mai jin ɗacinsa a harshe. To ku saurara. Bayajidda ya kashe maciji, gaskiya ne, amma bai leƙa ƙasan rijiya ba. Macijin ya bar ƙwai, ƙanana kamar gero. Duk wanda ya sha ruwan nan ya haɗiyi ɗaya, ni ma na haɗiya. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa a ciki, kuma ɗan ya gaji halin uban: ba ya barin a sha tare sai ranar Juma'a. Ita rijiyar ta san muryar abin da ta raina. In ka yi magana a bakinta, amsar da take mayarwa ta cikinka ce."

Doki ya yi haniniya ya ce shi ba ya tsoron rijiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, a je.

Daren ya zo da farin wata kamar rana. Doki ya taka da ƙasaita, ya miƙa wuya cikin rijiya, ya ce da ƙarfi, "Mu duka ɗaya ne!"

Muryar ta gangara, ta daɗe, sannan ta hauro. Muryar Doki ce sak, babu mai musu, amma ga abin da ta ce: "Ɗaya ne, amma ɗan jaki ba zai auri 'yata ba. A bincika asali."

Doki ya ja da baya kamar an zuba masa garwashi. "Ƙarya ne! Ban faɗa ba!"

Rijiya ta ce, "Ban faɗa ba, ai ba sai an faɗa ba."

Wasu suka tuntsire da dariya, Saniya ta fi kowa. Ta ce dama ta san sarakai ba su da gaskiya. Ta matso ta leƙa ta ce tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Rijiya ta mayar: "Maɗauri ɗaya, amma dubi hancina, dubi farar fatata. Waɗannan baƙaƙen Haɓe ne." Dariya ta koma kanta. Akuyar gari ta zabura ta ce ashe haka kuke ganinmu, ta leƙa don ta wanke kanta, rijiya ta ce: "Su na daji ai ba su waye ba, ɓarayi ne duka, har na goye."

Kunkuru ya girgiza kai ya ce, "Kun gani? Wannan ma a gabana aka yi. Wajen 1805, da tutar Shehu Usmanu ta iso nan a hannun Malam Ishaku, sarkin Daura na lokacin, Sarkin Gwari Abdu, ya bar garin. Jikokin Bawo, masu kiran wasu banza, suka wayi gari su ake kira Haɓe, suna zaman Zango da Baure kusan shekara 100. Sai a 1904 Turawa suka dawo da Malam Musa kan gadon kakanninsa. Na ga na sama ya koma ƙasa, na ga na ƙasa ya hau. Duk juyin nan ana canza wanda ke gaban layi ne, layin kansa ba a taɓa shi ba."

Raƙumi ya so ya zame, ya ce shi baƙo ne, wannan rigimar 'yan gida ce. Aka ce a'a, kowa ya sha ruwan sai ya leƙa. Ya sunkuyar da dogon wuyansa ya ce shi bai raina kowa ba. Rijiya ta ce: "Baƙi an halicce shi don ɗaukar kaya. Haka na tarar." Raƙumi ya durƙusa a wurin, ya daɗe yana tuƙa, sannan ya ce, shi da kansa ba rijiya ba, "A hanyata ta Ƙonni na ji labarin wata yarinya, Hadijatu Mani. An sayar da ita tana shekara 12. Nijar ta haramta bauta a dokarta a 2003, aka ba yarinyar takardar 'yanci, amma da ta je ta auri wanda take so sai aka kai ta kurkuku, wai matar ubangidanta ce. Sai da kotun ƙasashen Afirka ta Yamma ta zauna a Yamai a 2008 ta ce gwamnati ta gaza kare ta, a biya ta sefa miliyan 10. Ranar da na ji, na ce kai, mutane ba su da imani. Ban san abin yana kwance a cikina ba."

Dila da Hankaka suka haɗa kai gefe guda suna shawara. Dila ya dawo ya ce a iliminsa, amsa-kuwwa ba ta zama shaida, sai an sami adilai biyu. Aka ce, Allah gafarta Malam, leƙa dai. Ya leƙa ya karanto abin da ya saba karantowa, cewa fifiko sai da tsoron Allah. Rijiya ta ce: "Haka yake a allo. Amma da ɗan mahauci ya zo neman ƙanwata, na ce istihara ba ta yi kyau ba, alhali ban yi ta ba." Dila ya naɗe wutsiya ya koma bayan Raƙumi.

Wannan wurin shi ya fi ci mini rai, domin na san zauren. Saurayi na da sana'a, na da hali, na da sallah, yarinya na sonsa. Sai a tura wani tsoho bincike. Ba ya tambayar ko yaron na shaye-shaye, abin da yake nema shi ne wane ne kakan kakansa: bacucane ne, ko daga rinji suka fito, ko gidan fawa ne, ko na roƙo, ko jinin Maguzawa ne da ba su daɗe da musulunta ba. In an gano, ba a faɗa wa yaron. Sai a ce an riga an yi mata miji, ko a ce taurarinsu ba su haɗu ba. Gwamna Lugga ya yi shela cewa duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilu na 1901 ɗa ne, a 1936 aka soke bauta ɗungurungum a Arewa, an bar biyan murgu, kasuwar bayi ta zama tarihi. Amma a cikin zaure ana nan ana lissafi, cikin raɗa, da murmushi. Yaron zai tafi bai san abin da ya kayar da shi ba, kuma ranar Juma'a zai tsaya sahu ɗaya da wanda ya kore shi, ƙafa da ƙafa. Wa zai kai ƙara, a kan wace magana, tunda babu wanda ya furta ta?

Mu koma bakin rijiya. Jaki yana tsaye, ƙirjinsa ya buɗe. Yau dai an ga gaskiyarsa. Ya ce, "Kun ji da kunnenku. Shekara nawa ina faɗa a zuci." Kunkuru ya ce, "Ɗana, kai ma ka sha ruwan." Jaki ya ce shi me zai ɓoye, shi da aka zalunta? Ya leƙa ya ce, "Ni dai so nake kowa ya sha daidai."

Rijiya ta ce: "Kowa, ban da Ungulu. Ni bawa ne amma ina da tsarki. In ta sa baki a kwami ba zan sha ba."

Kunnuwan Jaki suka zube. Ɗansa ya dube shi, ya dubi tsamiya.

Sai idanu suka koma sama. Ungulu tana can a reshe, ta dunƙule, sanƙonta na ƙyalli a farin wata. Ita ce mai share mahauta in an tashi kasuwar Mai'adua, ita ke kwashe mushe kafin ya sa wa gari cuta, kuma babu gidan da ake yi mata sannu da zuwa. Kunkuru ya ce, "'Yar'uwa, sauko." Ta ce a bar ta, ita ba ta da magana. Aka matsa. Ta sauko da nauyi, dabbobi suka dare mata hanya fiye da yadda take bukata. Kowa ya ƙagu ya ji wa ita kuma ta raina, don in an sami wanda Ungulu ta raina, to an yi kunnen doki, kowa ya tafi gida da sauƙin zuciya.

Ta leƙa ta ce a hankali, "Ni ma halittar Allah ce kamar kowa."

Rijiya ta yi jim, sannan ta mayar da murya ƙasa-ƙasa: "Gaskiyarsu ne. Ni ƙazama ce. Na hana 'ya'yana sauka kusa da mutane don kada su ji abin da na ji."

Babu wanda ya yi dariya. Ungulu ta buɗe fiffike ta koma reshenta.

Gizo ne ya fara farfaɗowa. Ya hau bakin rijiya ya ce, "Jama'a, kun ga abin da nake gudu? Jiya muna zaman lafiya, yau kowa na hararar kowa. Rijiyar nan aljanu sun shige ta. A kawo faifai a rufe bakinta, a bar 'yar ƙofar guga. Wanda ya kawo wannan fitina kuma, a san yadda za a yi da shi." Ya nuna Jaki da ƙafa. Nan da nan murya ta ɗaga. Akuya ta ce a rufe. Saniya ta ce a rufe. Dila ya ce rufin asiri wajibi ne. Waɗanda ɗazu suke zagin juna suka haɗu a kan abu ɗaya, har Ƙoƙi, matar Gizo, ta ruga gida ɗauko faifai. Jaki kansa bai hana ba, don shi ma yanzu yana da abin rufewa.

Ana cikin haka wata tsohuwar Goɗiya ta fito daga bayan taro. Yayar Doki ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ta daɗe ba ta shiga jama'a. Ta wuce Gizo kamar ba ta gan shi ba, ta tsaya a bakin rijiya, amma fuskarta na kallon taro.

"Ni ba zan jira rijiya ta faɗa mini ba. Ina da ɗa. Ubansa jaki ne. Alfadarin nan da ke dako a Kongwalam, kan iyaka, wanda in an tambaye shi wane ne ubansa sai ya ce Doki kawunsa ne, kuna dariya, ni na haife shi, kuma ni na koya masa wannan amsa. Ranar da aka haife shi na duba kunnensa kafin na duba ko yana numfashi. Ina sonsa, ina kuma jin kunyarsa, duka biyun suna cikina har yanzu da nake tsaye."

Sannan ta juya ta maimaita cikin rijiya, kalma bayan kalma. Aka kasa kunne. Muryar ta hauro, ta faɗi abin da Goɗiya ta faɗa, babu ƙari babu ragi. Ƙoƙi ta iso da faifai ta tsaya riƙe da shi.

Doki ya sunkuyar da kai har gezarsa na share ƙasa. Ya ce, "Yaya, me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

"Kai da ba ka ganin kunne? Ta ina zan fara?"

Doki ya daɗe bai motsa ba. Can ya tako wurin Jaki, ba da takun hawan daba ba. Ya ce, "Jakar da ta goye ni, gaskiya ne Inna nake ce mata. Amma a bayan barga take kwana, kuma ban taɓa tambayar dalili ba. Ban san sunan 'ya'yanta ba. Aminin da na ce ina da shi, shi ke zuwa gaishe ni, ban san ƙofar gidansa ba. Malam Jaki, ban ɗauke ka daidai da ni ba. Da haka aka yaye ni, kuma ko yanzu da nake maganar nan ina jin abin yana motsi. Ban san yadda ake fitar da shi ba."

Rijiya ta mayar da maganar yadda take.

Jaki ya ji zafin wannan fiye da duk daɗin bakin da aka yi masa a gindin tsamiya, amma ya ga a karon farko akwai wanda zai yi wa magana. Ya ce, "Ranka ya daɗe, tunda ka faɗa, zauna in gaya maka yadda igiyar nan take a wuya." Doki ya zauna a ƙasa, abin da ba a taɓa gani ba. Jaki ya yi ta magana, wani wuri da kuka, wani wuri da faɗa. Doki ya musa wasu, ya ce ba haka aka yi ba, suka ɗaga murya, Kunkuru ya raba, suka koma. Saniya da Akuya ma suka kama tasu, mai zafi, kan gona da burtali da wanda ya fara. Gizo ya ce kun gani, ga fitinar da na faɗa, ya ja matarsa suka tafi, wasu da dama suka bi su. Waɗanda suka rage ba su shafa fatiha ba, don ba a gama ba, har zakara ya yi cara.

Dare na gaba Asabar ce. Doki ya riga kowa isowa kamar kullum, ƙafafunsa suka kai shi gaban kwami da kansu. Ya tsaya. Ya dubi igiya a ƙasa. Ya sa haƙora ya ɗauka, ya ja, bai iya ba, guga ya bugi gefen rijiya rabin ruwan ya zube. Wasu tumaki suka yi gunaguni cewa yau za a kwana ba a sha ba. Raƙumi ya koma gefe ya ce shi zai jira. Saniya ta shiga gaba abinta, ta ce ita ba ta yi alkawarin komai ba. Jaki ya tsaya yana kallon Doki na fama, bai karɓa ba, sai dai ya ce, "Ja da baya sosai, Yallaɓai, kada ka fizga." Goɗiya ba ta zo ba, an ce tun la'asar aka gan ta ta kama hanyar Kongwalam.

Da guga na huɗu ya hau, ɗan Jaki ya sha ya ƙoshi. Ya ɗauki wata ƙwarya da haƙora, ya cika, ya nufi gindin tsamiya yana tafiya a hankali don kada ta zube. Ubansa ya buɗe baki zai kira shi, ya ji abin ya motsa a cikinsa, ya rufe bakin. Yaron ya ajiye ƙwaryar ya ɗaga kai.

"Gwaggo, ga ruwa. Ba na gindin kwami ba ne."

Ungulu ta leƙo ta dubi ƙwaryar, ta dubi taron da ke kallonta. Ta ce, "Ɗana, wa zai sha a ƙwaryar nan bayana?"

Ya ce, "Ni."

Ta gyara tsayuwa a kan reshe, ta sauko zuwa na ƙasa da shi, ta tsaya a nan. Yaron ya kwanta kusa da ƙwaryar yana jira. Har ladanin masallacin fada ya kira assalatu, dabbobi suka fara sulalewa kafin mutane su fito, ruwan na nan a ƙwarya da wata a cikinsa, ita kuma tana reshen ƙasa.

Ƙurunƙus kan kusu.